Yadda ake zama netwok admin, tun daga matse kan kebul har inda aikin ya dosa

Wanda ya tuna ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, ana cikin azumi, zai gane abin da nake nufi in na ce aikin nan ba a ganin sa sai ya lalace. Ranar kebul ɗin ƙarƙashin teku suka tsinke ta wajen gaɓar Kodebuwa, su WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, kawai sai ka ga manhajar banki tana ta juyi taƙi buɗewa, mai POS yana ta ba mutane haƙuri, a ofisoshi kuwa kowa ya juyo yana kallon mutum ɗaya, wai "malam IT me ya faru?" Toh wannan mutumin da ake juyowa a kalla shine netwok admin. Ba shi ya tsinka kebul a teku ba, amma shi ake so cikin minti biyar ya faɗa ko matsalar daga cikin gida ne ko daga waje, kuma in akwai wata hanya ta biyu ya juya mutane kanta.

Ƙannena maza da mata da yawa suna tambaya ta ta ina ake farawa, kuma kusan duk tambayar ɗaya ce, wane satifiket zan yi? Ni kuma kullum amsar da nake bayarwa ita ce bari tukuna, satifiket shi ne mataki na biyar ba na farko ba. Bara in jero abin yadda nake ganin ya kamata a bi shi.

Farko dai ka san me aikin yake. Admin shi ke kula da duk hanyar da bayani ke bi daga kwamfutar ma'aikaci har ya fita duniya ya dawo: kebul, suwic, rauta, na'urorin wayfay da ke maƙale a silin, fayawol mai tsare ƙofar netwok, wani lokacin har da saba, wato babbar kwamfutar da sauran ke ɗaukar bayani a wajenta, da firinta da kyamarorin tsaro. Shi ke raba adireshi, shi ke ware wa kowane sashe hanyarsa, shi ke toshe wanda bai kamata ya shiga ba, shi ke faɗa da kamfanin da ke ba da intanet in saurin da aka biya ba shi ake samu ba. A ƙaramin ofis mutum ɗaya ne ke yin duka har da saka tawadar firinta, a banki ko kamfanin sadarwa kuwa akwai ɗaki guda da ake zama ana kallon allo dare da rana ana canjin aiki.

Mataki na farko: ka fahimci yadda bayani ke tafiya, da biro da takarda

Nan ne mutane ke gudu kuma nan ne gindin aikin. Kafin ka taɓa rauta ka san mene ne IP, wato adireshin da ake ba na'ura a netwok, mene ne MAC, wato lambar da na'ura ke zuwa da ita daga masana'anta, me ya bambanta suwic da rauta. A taƙaice suwic yana haɗa na'urorin da ke gida ɗaya ne yana kallon MAC, rauta kuma shi ke fitar da kai zuwa wani gidan yana kallon IP. Ka san DHCP shi ke raba adireshi da kansa, DNS kuma shi ke juya suna kamar google.com ya koma lamba. Ka haddace hawa bakwai na OSI, wato tsarin da ya kasa tafiyar bayani hawa-hawa daga kebul a ƙasa har manhaja a sama, ba don jarabawa ba, don su ne tsanin da zaka riƙa hawa in kana neman inda matsala take.

Sai raba adireshi, wato sabnet. Wallahi duk wanda ya iya wannan da ka ba tare da kalkuleta ba ya wuce rabin waɗanda ke zuwa intabiyu. IPv4 lamba ce mai bit 32, adireshi wajen biliyan 4.3 kenan gaba ɗaya, kuma tun Fabrairu 2011 babbar ma'ajiyar da ke rabawa yankunan duniya ta ƙare, shi yasa a cikin gida muke amfani da waɗanda aka ware, masu farawa da 10, ko 172.16 zuwa 172.31, ko 192.168. Ga misali da zaka zauna ka yi yau ɗinnan. An baka 192.168.10.0/24, adireshi 256 kenan, na farko sunan netwok ɗin ne na ƙarshe na shela ne, wato na aika saƙo ga kowa a lokaci ɗaya, saura 254. Oga yace yana so a raba gida huɗu, masu lissafin kuɗi daban, sauran ma'aikata daban, kyamarori daban, baƙi daban. Sai ka mai da shi /26, kowane yanki ya samu 64: daga 0 zuwa 63, daga 64 zuwa 127, daga 128 zuwa 191, daga 192 zuwa 255. A kowanne ka cire biyu saura 62, mas ɗin kuma, wato lambar da ke nuna girman yankin, 255.255.255.192. Ka yi irin wannan guda goma kullum bayan asuba na wata ɗaya, kana canja lambobin, zaka ga abin ya zauna maka kamar lissafin canji a kasuwa.

Mataki na biyu: ka gina ɗakin gwaji a laftof ɗinka

Ba sai kana da kuɗin sayen kayan Cisco, kamfanin da ke ƙera suwic da rauta, ba. Ka yi rajista a Cisco Networking Academy ka sauke Packet Tracer, manhajar da ake kwaikwayon netwok a cikinta, kyauta ne kuma ko tsohuwar laftof tana ɗaukarsa. A ciki ka jawo suwic biyu da rauta ɗaya da kwamfuta shida, ka ƙirƙiri VLAN uku, wato ka raba suwic ɗin gida uku ta saiti, ka sa su kasa ganin juna, sannan ka sa su ga juna ta rauta, sannan ka hana na baƙi kaiwa ga na masu kuɗi. In ya yi aiki kar ka tafa wa kanka ka rufe, ka ɓata shi da gangan, ka cire layi ɗaya a saitin ka ga me zai faru, ka ba abokinka ya ɓata maka a ɓoye kai kuma ka nemo. Daga baya in hannunka ya faɗa sai ka koma GNS3 ko EVE-NG, su sun fi kama da gaske amma suna cin RAM sosai. Ka saka Wireshark ma ka riƙa kallon abin da ke wucewa a wayfay ɗin gidanku, ranar da ka fara ganin kwamfutarka tana roƙon adireshi rauta yana ba ta amsa, abin da kake karantawa a littafi zai zama abu mai rai.

In ka samu ɗan kuɗi, shawara ta ka sayi ƙaramin rautan MikroTik ko da na hannu ne. Kamfanin ƙasar Latbiya ne, kuma in ka zaga otal-otal da makarantu da ƙananan masu sayar da intanet a garuruwanmu shi zaka fi tararwa saboda sauƙin kuɗinsa. Ka koyi shiga ta Winbox, manhajar da ake saita shi da ita, ka kafa masa shafin shiga da tikiti, ka iyakance saurin kowane mutum. Wannan kaɗai ya isa ya fara kawo maka aikin da za a biya ka.

Mataki na uku: hannu

Akwai masu ganin jan kebul aikin yara ne. Ni ban yarda da admin ɗin da bai iya matse kai ba. Ka sayi filayar matse kai da testa da ledar kawunan RJ45 da ɗan guntun Cat6, ka zauna ka yi ta yi har sai ka daina ɓatawa. Jerin launin da aka fi bi, wanda ake kira B, shine fari mai lemo, lemo, fari mai kore, shuɗi, fari mai shuɗi, kore, fari mai ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Kebul ɗin tagulla kar ya wuce mita 100, in nisan ya fi haka ko dai ka sa suwic a tsakiya ko ka koma faiba, kuma tsakanin gini da gini ni faiba nake so ko da nisan bai kai ba, saboda tsawa bata bin gilashi. Ka kula da kebul ɗin da ake sayarwa da araha wanda cikinsa alminiyom ne aka shafa masa tagulla, yana iya wuce testa lafiya lau amma in ka ɗora masa kyamara ko wayfay mai cin wuta ta kebul sai ya fara baka ciwon kai.

Sannan akwai abubuwan da littafin Turawa ba zai gaya maka ba saboda su basu da matsalar. Wuta ita ce babbar abokiyar gabarka. Ɗauke wuta da kawo ta da ƙarfi, canji daga NEPA zuwa janareta, duk suna kashe kaya, don haka dole ka fahimci UPS da inbata da batir da sola ko da sama-sama ne, ka iya lissafa awa nawa batir zai riƙe rak ɗinka, wato akwatin ƙarfen da ake jera suwic da rauta a ciki. Ka tabbata an yi wa ginin waya ta ƙasa mai kyau kafin damina. Ƙurar hunturu tana toshe fankar suwic, zafin watan Afrilu yana sa na'ura ta riƙa kashe kanta tana tashi, ɓera kuma yana son kebul ɗin cikin silin. Na taɓa kwana biyu ina bin saiti a wata makaranta saboda ɓangare ɗaya yana ɗaukewa yana dawowa, na canja fot, wato ramin da ake soka kebul a suwic, na canja suwic ɗin ma gaba ɗaya, sai da na sa tsani na ɗaga silin na haska fitila na ga inda aka gaigaye kebul ɗin saura siririn waya biyu ke riƙe da shi, ga kashin ɓera nan a gefe. Tun ranar nake fara duba kebul kafin saiti.

Mataki na huɗu: ka koyi neman matsala a natse

Wannan shi ne ainihin sana'ar, sauran duk share fage ne. In aka ce maka "babu netwok" kar ka ruga ka kashe rauta ka kunna. Ka fara da tambaya: mutum ɗaya ne ko kowa? Tun yaushe? Me aka canja jiya? Sai ka hau tsanin nan daga ƙasa. Fitilar fot tana ci? In tana ci, ka buga ipconfig ka ga adireshin da kwamfutar ta samu, in ka ga ya fara da 169.254 toh bata samu amsa daga DHCP ba, can zaka nufa. In adireshin daidai ne ka yi ping ɗin rauta, wato ka aika masa ɗan saƙon gwaji ka ga ko zai amsa. Ya amsa? Ka yi ping 8.8.8.8, wani adireshin Google da ke waje. In wannan ya amsa amma shafuka basa buɗewa, kusan kullum DNS ne. In rauta ya amsa amma waje shiru, ka buga tracert ka ga inda hanya ta yanke, sannan ka kira kamfanin intanet ɗin da hujja a hannu, ba wai ka ce musu "abu baya yi" ba.

Wayfay kuma nashi halin daban. A zangon 2.4 GHz tashoshi uku ne kawai basa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, in ka jera na'urori biyar duk a tasha ɗaya suna ta danne juna ne kawai. Zangon 5 GHz ya fi sauri amma baya ratsa bangon bulo sosai. Kuma akwai wata matsala da zata same ka ko ba daɗe ko ba jima, wani ma'aikaci ya zo da ɗan rautansa daga gida ya soka a bango don ya samu wayfay a ofishinsa, shi kuma ya fara raba adireshin bogi, rabin gini ya rikice. Ka san yadda ake kamo irin wannan, ka kuma san yadda ake saita suwic ya toshe shi tun kafin ya faru.

Mataki na biyar: yanzu sai satifiket

In kana farawa daga sifili, CompTIA Network+ yana da kyau don baya jingina da kamfani ɗaya. Amma in kuɗinka na guda ɗaya ne, CCNA nake ba da shawara, don shi masu ɗaukar aiki suka fi sani. Tun Fabrairu 2020 Cisco suka haɗe shi ya zama jarabawa ɗaya mai lamba 200-301, awa biyu ake yi, kuɗinta dala 300, kuma shekara uku take kafin a sabunta. Da canjin dala na yanzu ba ƙaramin kuɗi bane, don haka kar ka biya sai kana iya gina abin da ke cikin manhajar ba tare da leƙa littafi ba. Akwai MTCNA na MikroTik, akwai HCIA na Huawei wanda ke da amfani in kana hangen kamfanonin sadarwa don kayansu sun cika wajen.

Maganar haddace tambayoyin da aka sato kuwa, don Allah ka bari. Na zauna a intabiyu da mai satifiket sabo fil aka miƙa masa kebul da suwic aka ce ya buɗe VLAN ɗaya, gumi ya riƙa keto masa, abin ya bani tausayi don na san kuɗin da iyayensa suka kashe. Digiri ko difloma a kimiyyar kwamfuta yana taimakawa musamman a aikin gwamnati da banki, amma na ga waɗanda suka karanta wani abu daban suka shigo suka yi zarra.

Mataki na shida: aikin farko

Da wuya a baka rak ɗin banki ranar farko. Yawanci ta teburin taimako ake shiga, ko bin masu jan kebul da saka kyamara, ko zaman dare a ɗakin sa ido na kamfanin intanet. Ka karɓa. In kai ɗalibi ne ka zaɓi wajen SIWES da idon basira, ƙaramin kamfanin da zasu baka tsani da filaya ya fi babban ofishin da zaka zauna kana danna waya wata shida. Haka bautar ƙasa. Ka nemi makarantar unguwarku ko wani asibiti ƙarami ka gyara musu netwok, ka ɗau hoton rak ɗin kafin da bayan, ka zana taswirarsa, wannan shi zaka nuna a intabiyu. Shirin koyar da fasahar zamani na 3MTT da gwamnatin tarayya ta fara a 2023 da horaswar da NITDA ke yi lokaci-lokaci suma ka riƙa sa musu ido.

In ka samu aikin, ga ɗabi'un da zasu riƙe ka. Ka sa wa kowane kebul suna a kai da gindi. Ka rubuta wane fot ke zuwa ina. Kafin ka canja komai ka kwafi saitin ka ajiye, bayan ka canja kuma ya yi aiki ka adana shi, a Cisco in baka buga copy running-config startup-config ba ana ɗauke wuta duk wahalarka ta tafi. Kar ka yi babban canji ranar Juma'a da yamma ko lokacin da mutane ke tsakiyar aiki, kuma kullum ka san yadda zaka koma baya. In kana ganin wannan tsoro ne ya yi yawa ka tuna 4 ga Oktoba 2021, lokacin da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɓace wajen awa shida, ba kutse aka yi musu ba, umarni ne aka bayar lokacin gyara ya katse hanyoyinsu har duniya ta daina ganin inda suke. Injiniyoyin da suka fi kowa kayan aiki kenan.

Sai amana. Admin yana iya ganin abubuwa da yawa, wa ya shiga ina, wa ya tura me. Ba naka bane. Ko oga ne yace ka leƙa masa wani, ka ce a rubuto a takarda ta hanyar da ta dace, yanzu ma akwai dokar kare bayanai ta 2023 a Najeriya. Kalmar sirri kuma kar ta zauna a kanka kai kaɗai don a riƙa jin tsoron korarka, ka ajiye ta inda hukumar wajen zata samu in baka nan.

Toh ina aikin ya dosa?

Gaskiya ba zan ɓoye maka ba, a ƙasashen da suka yi nisa kujerar admin irin ta da tana raguwa. Ofishin ƙididdigar ayyuka na Amurka ma hasashen da ya yi shine masu wannan sunan aikin zasu ɗan ragu a shekaru goma masu zuwa, dalili kuwa kamfanoni sun kwashe sabobinsu sun mayar AWS da Azure, wato gajimare, inda ake hayar sabobin Amazon da Microsoft ta intanet, kuma abin da mutum biyar ke yi da hannu suna shiga suwic ɗaya bayan ɗaya yanzu mutum ɗaya ke yi da ɗan rubutun kwamfuta. Ita kanta Cisco a 2024 ta ƙara batun ƙirƙirarriyar basira da sarrafa netwok ta gajimare a cikin CCNA. Wanda abin da ya iya kawai shine haddace umarni yana bugawa, shi kam na'ura zata karɓe masa.

Amma mu nan har yanzu gini ake yi. Kebul ɗin Equiano na Google ya sauka Legas a 2022, a shekarar MTN ta kunna 5G, Starlink ya fara aiki a Najeriya a Janairu 2023 kafin kowace ƙasa a Afirka, gwamnati kuma tana maganar shimfiɗa faiba kilomita 90,000. Duk wannan yana tsayawa ne a bakin ƙofa. Wanda ya sayi Starlink ya kafa a rufin asibiti a ƙauye har yanzu yana buƙatar wanda zai raba shi ɗaki-ɗaki, ya ware na likitoci da na masu jinya, ya hana mutum biyu shanye saurin kowa. Cibiyoyin jarabawar JAMB kwamfuta ɗaruruwa ne a ɗaki ɗaya kuma ranar jarabawa ba a yafe minti goma. Gajimaren ma da ake ta faɗa, in ka buɗe AWS zaka gina netwok ɗinka abu na farko da zai tambaye ka shine wane yankin adireshi kake so, wato sabnet ɗin nan da ka koya da biro.

Don haka bayan shekara biyu ko uku kana aiki ka zaɓi reshe. Tsaro yana da kasuwa sosai, fayawol irin su Fortinet da Palo Alto, da Security+ a matsayin mafari, kuma wanda ya fito daga netwok ya fi saurin gane kutse don ya san yadda lafiyayyen zirga-zirga yake. Ko gajimare, wanda shi ne ya fi buɗe ƙofar yi wa kamfanin waje aiki daga gida. Ko ɓangaren kamfanonin sadarwa, faiba da BGP, tsarin da manyan netwok ke sanar da juna hanya da shi, da IPv6, sabon tsarin adireshi, ka bi CCNP. Ko wanne ka ɗauka, Linux da Python sun zama dole, ba sai ka zama mai rubuta manhaja ba. Ka fara da abu ɗaya ƙarami: a cikin GNS3 ka jera rauta uku, ka rubuta ɗan Python da Netmiko wanda zai shiga kowanne ya kwafo saitinsa ya ajiye a fayil mai kwanan watan ranar. Layi ashirin zuwa talatin ya isa. In ya yi aiki a ukun, ka ƙara su zama goma, ka sa shi ya riƙa tashi da kansa ƙarfe biyun dare, sannan ka je ka nemi izinin oga ka gwada shi a kan suwic ɗaya na gaske wanda ba kowa a kansa.